Ma'anar tana can a jela: yadda ake juya Ingilishin hira zuwa Faransanci

Wani yammaci ina zaune a shagon kawuna a Maraɗi, ya miƙo min waya ya ce ɗana duba min saƙon nan, mutuminmu na Legas ne ya turo kuma so nake a tura ma abokin cinikinmu na Kwatano ya san halin da ake ciki, shi kuma ka san Faransanci kawai yake ji. Saƙon gajere ne, layi uku: "Sorry I didn't show up on Friday, madam put to bed. The other buyer has backed out, so I can knock something off for you." Kafin in zo yaron shago ya riga ya zuba shi a manhajar fassara ta waya, abin da ya fito mashi a tsakiya shine "madame a mis au lit", daga nan suka yanke cewa matar mutumin ce ba lafiya tana kwance, har Kawu na shirin bugawa ya yi mashi ya mai jiki. Na ce Kawu a dakata, barka za ku yi mashi, haihuwa aka yi.

A Ingila in an ce "put to bed" kwantar da yaro ake nufi ya yi barci, amma a bakin ɗan Najeriya ko ɗan Ghana mace ta sauka kenan. To ka ga tun ba a je ko'ina ba matsala biyu ta haɗu wuri guda, ga kalmomin da in ka raba su ɗaya-ɗaya ba za su ba ka ma'anar ba, ga kuma tambayar Ingilishin wa ake magana a kai. Kuma a saƙon nan mai layi uku irin waɗannan har guda huɗu ne: show up, put to bed, back out, knock off.

Bari in fara da ainihin abin da ke wahalar da mutane. Ingilishi yana da wata ɗabi'a ta ɗaukar ƙaramin aikatau irin get, put, take, give, come, go, sai ya liƙa mashi wata 'yar guntuwar kalma a baya irin up, off, out, in, on, away, back, su biyun su haɗu su haifi sabuwar ma'ana. Su suna kiran abin phrasal verb, ni kuma in ina koya ma yara ce mashi nake aikatau mai jela. "Give" bayarwa ne, amma "give up" haƙura da abu ne ko sallamawa, "give in" miƙa wuya, "give away" kyautarwa ko tona asiri. Faransanci ba ya da wannan tsarin sam, shi yasa duk wanda ya ce zai bi kalma-kalma, ya sa "donner" sannan ya tafi neman abin da zai sa a madadin "up", wallahi ya ɓata tun daga ƙofa.

Abin da ya kamata mai fassara ya riƙe shine sau da yawa ma'anar gaske tana can a jelar, aikatau ɗin gaba yana faɗin yadda aka yi abin ne kawai. Ɗauki "she ran out of the room". Mene ne ya faru? Ta fita. Fitar tana cikin "out", shi "ran" ya gaya maka da gudu ta yi. Bafaranshe sai ya ɗauki fitar ya mai da ita aikatau, gudun ya tura shi ƙarshe: "elle est sortie de la chambre en courant". Haka "he limped in" zai koma "il est entré en boitant", "they swam across" ya koma "ils ont traversé à la nage". Wasu malamai biyu Faransawa da suka koyar a Kanada, Jean-Paul Vinay da Jean Darbelnet, sun yi bayanin wannan musayar wuri a littafinsu na kwatanta harsunan biyu da ya fito a 1958, suka kira ta chassé-croisé, wato na gaba ya koma baya na baya ya dawo gaba kamar masu rawa suna sauya wuri. Har yau da wannan sunan ake koyar da ita a azuzuwan fassara.

Yanzu ka sake karanta jimlolin Faransancin nan ka faɗe su da Hausa. Ta fita daga ɗaki da gudu. Ya shigo yana ɗingishi. Sun ƙetare da iyo. Ka ga abin? Tsarin ɗaya ne sak da na Faransanci, mu ma fita da shiga da ƙetarewa su muke sa wa a gaba sannan mu faɗi yadda aka yi. Wannan ne yasa nake jin takaici in na ga ɗalibi Bahaushe yana fama tsakanin ƙamus biyu yana gumi, alhali in da zai tsaya ya tambayi kansa ya zan faɗi wannan a gida, rabin aikin ya ƙare. Wani lokacin ma Faransanci yar da yadda aka yi ɗin yake gaba ɗaya in abu ne da kowa ya sani: "he walked into the office" kawai "il est entré dans le bureau" ne, ba wanda zai ƙara "en marchant" sai in akwai dalilin da zai sa a yi mamakin cewa da ƙafa ya shigo, kamar yadda ba za ka ce ya shiga ofis yana tafiya ba.

Kuma abin bai tsaya nan ba, don Hausa tana da nata irin jelar, sai dai mu a jikin aikatau ɗin take manne. Ci da cinye, sha da shanye, ai shine bambancin "eat" da "eat up", "drink" da "drink up". Fita da fito, saya da sayo, kai da kawo, wannan wasalin o na ƙarshe yana jawo aikin zuwa wajen mai magana. Zuba da zubar, jefa da jefar, ba da bayar, wannan kuma yana ture abin can nesa kamar yadda "away" ke yi. Masu nazarin harshe sun san wannan da giredin aikatau, tsarin da F. W. Parsons na jami'ar Landan ya fitar a 1960 mai hawa 7. Wanda ya san bambancin ya sha ruwan da ya shanye ruwan ba sai an yi mashi dogon bayani ba kan cewa "up" ɗin "drink up" ba sama yake nufi ba, ƙarasawa yake nufi, kuma da ya gane haka zai san Faransancin shine "finis ton verre" ko "bois tout". "Use up" ya zama "épuiser", "the shop burned down" ya zama "la boutique a entièrement brûlé", wato ta ƙone ƙurmus.

Shi ma Faransanci yana da 'yan dabarunsa, amma a goshi yake sa su. Re- yana yawan tsayawa a wurin "back": call back "rappeler", come back "revenir", pay back "rembourser". Dé- yana cirewa ko ɓamɓarewa, jirgi in ya yi "take off" sai a ce "décoller". Akwai kuma inda ya fi Ingilishi da Hausa tsanani, mu kai da kawo muna yi ma mutum muna yi ma kaya, su kuwa a ƙa'ida kaya "emporter" da "apporter", mutum "emmener" da "amener", ko da yake a hira za ka ji ana cakuɗa su.

Inda kan mutum ke kullewa sosai shine aikatau ɗaya mai jela ɗaya ya zo da ma'ana biyar ko shida. Na taɓa zama na lissafa ma wata ƙanwata "pick up" kaɗai. In takarda ce ta faɗi ƙasa "ramasser". In waya ce ke ƙara "décrocher". In yara za a ɗauko daga lakwal "aller chercher", in kuma aboki ne za ka biya ka ɗauka a mota "passer prendre". In an ce mutum ya yi "pick up" ɗin Yarbanci a kasuwa to ya tsince shi ne a bakin mutane ba a aji ba, "apprendre sur le tas". In kasuwa ce ta fara farfaɗowa "les affaires reprennent". In rediyo ce ta kamo tasha "capter". In kuma saurayi ne ke neman tsayar da budurwa a hanya "draguer". Guda takwas kenan kuma ban gama ba. Ba ƙamus ɗin da zai zaɓa maka, sai ka duba me aka ɗauka kuma wa ya ɗauka. Haka "turn down" in rediyo ce "baisser", in tayin aiki ne "refuser". "Break down" in mota ce "tomber en panne", in mutum ne "fondre en larmes" ko "craquer". "Make up" yana iya zama ƙirƙirar ƙarya "inventer", ko shiryawa bayan faɗa "se réconcilier", ko kwalliya "se maquiller".

Akwai wata gajeriyar hanya da malamai ke koyarwa kuma tana aiki, amma da sharaɗi. Tun da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na wajen shekara 300, sai Ingilishi ya wayi gari da kalmomi bibbiyu na abu guda, ɗaya ta gida ɗaya ta manya: go on da continue, give up da abandon, find out da discover, put up with da tolerate. To in ka rasa mafita sai ka nemo kalmar ta manyan, galibi za ka ga tana kama da Faransanci: continuer, abandonner, découvrir, tolérer. Ma'ana kam ka samu. Amma ka lura da abin da ka yi, ka ɗauki maganar da mutum ya faɗa a zaune kan benci da jallabiya ka sa mata babbar riga da rawani. Kuma wannan, a ganina, shine babban laifin da ake yi ma irin wannan fassarar, ya ma fi kuskuren ma'ana yawa don shi ba a ganin sa, jimlar daidai take a nahawu amma mutumin da ke ciki ya ɓace.

Faransanci yana da hawa-hawa na magana da suke kula da shi ƙwarai, akwai na takarda da taro, akwai na yau da kullum, akwai na abokai wanda suke kira familier. Ɗauki "the boss told him off". Za ka iya cewa "le patron l'a réprimandé", wannan na rahoton ofis ne, kamar ka ce an tsawata mashi. Za ka iya cewa "il l'a grondé" amma wannan ya fi dacewa da yaro. Na hira shine "il lui a passé un savon", kuma duk sanda na faɗi wannan sai na tuna namu wankin babban bargo, su ma da sabulu suke yi. Akwai "engueuler" wanda ya fi su zafi, a gaban surukinka dai ba za ka faɗe shi ba. Haka "rip off": a takardar ƙara "escroquer", a bakin titi "arnaquer". "Show off" shine "frimer". "Hang out" shine "traîner". "Freak out" in tsoro ne "flipper" ko "paniquer", in fushi ne ya kwashe mutum "péter les plombs", kamar fis ɗin wuta ya ƙone a kai. "Turn up" a bakin abokai "se pointer" ko "débarquer". "Chicken out" kuwa "se dégonfler", kaza ta tafi an kawo taya da ta sace, mu kuma mu ce ya noƙe. "I'm fed up" in ka ce "j'en ai assez" ba laifi, amma wanda abu ya kai ma wuya "j'en ai marre" yake cewa.

Sai dai a nan ma akwai rami a ɗaya gefen. Wasu in sun gano kalmomin titi sai su yi ta zuba su ko'ina. "Shut up" tsakanin abokai cikin dariya ba komai ba ne, amma in ka juya shi "ta gueule" ka zagi mutum, "tais-toi" ko "arrête" ya ishe ka. Kuma Ingilishi ba ya tilasta maka zaɓi tsakanin tu da vous, Faransanci kuwa dole ne, kamar dai yadda ba za ka ce ma mahaifinka kai zo nan ba. "Hang on" ga aboki "attends", ga babba "attendez", a waya ta ofis "ne quittez pas". Shi kuwa "come on" ban taɓa samun abin da ya kama shi kamar haba ba. In ƙarfafa gwiwa ne "allez", in gaggawa ce "dépêche-toi", in haba ɗin rashin yarda ne "arrête" ko "mais enfin".

Maganganun azanci kuma nasu ya fi sauƙin bayani ko da yake ya fi buƙatar hadda. Hoton da ke ciki ba shi ake fassarawa ba, yanayin ake nema, sannan a tambaya wane hoto su suke sa wa a irin wannan yanayin. Ruwan da Bature ɗan Ingila zai ce "raining cats and dogs" Bafaranshe igiyoyi yake gani, "il pleut des cordes", mu kuma kamar da bakin ƙwarya. "Beat around the bush" su tukunya suke zagayawa, "tourner autour du pot", wato kwana-kwana. "Spill the beans" shine "vendre la mèche", fasa ƙwai kenan. "The last straw" ya zama ɗigon ruwan da ya sa tulu ya tumbatsa, "la goutte d'eau qui fait déborder le vase", tura ta kai bango. Abin da ya yi tsadar "an arm and a leg" a Faransa idanun kai yake ci, "coûter les yeux de la tête". "When pigs fly" ya koma ranar da kaji za su yi haƙora, "quand les poules auront des dents". Wanda aka yi alkawarin haɗuwa da shi aka shanya shi, "he stood me up", su zomo aka ajiye mashi, "il m'a posé un lapin". Wanda ya sulale daga taro ba sallama kuwa Ingilishi ya ce ya yi "French leave", Faransawa suka ce "filer à l'anglaise", kowa ya ɗora ma maƙwabcinsa. Akwai 'yan kaɗan da suka zo ɗaya kamar "break the ice" da "briser la glace", kuma su ne ke ruɗin mutum ya ɗauka sauran ma haka suke.

In ba ka samu takwaransa ba, ka faɗi ma'anar a fili kawai. Gara "c'est très facile" da ka ƙago wani karin maganar da ba Bafaranshen da ya taɓa ji. Kuma wani takwaran yana nan a ƙamus amma ya tsufa, "kick the bucket" an ce "casser sa pipe", to amma ka tabbata mai maganar da raini ko wasa ya faɗa, don ba a kai ma iyalin mamaci irin wannan, kamar yadda ba za ka je gaisuwa ka ce wane ya sheƙa ba.

Sai mu dawo kan tambayar da saƙon Kawu ya tayar, Ingilishin wa zuwa Faransancin wa. Mu nan abin da ke shigo mana ta Jibiya da Illela ba na Landan ba ne. In ɗan Najeriya ya ce matarsa "has taken in" ciki ta samu, "elle est enceinte". In ya ce ƙaninsa "passed out" makon jiya, kar ka yi saurin rubuta "il s'est évanoui" ko "il est tombé dans les pommes", sau da yawa bautar ƙasa ya gama aka yi masu faretin sallama, "il a terminé son service national". "Flash me" shine "bipe-moi", wannan kam duk yammacin Afirka an san shi. "Dash" kyauta ce, kuma Faransancinmu na nan ya ƙera mata aikatau nata, "cadeauter". "I'm coming" da mutum zai faɗa yana juya maka baya yana tafiya, ina zuwa ne namu, kuma "j'arrive" na Yamai daidai yake da shi. Shi ma Faransancin kala-kala ne, wanda ya ce maka "je descends à seize heures" a Yamai ko Dakar tashi daga aiki yake nufi, ɗan Paris zai tsaya yana tambayar daga ina zai sauko. In saurayin Abijan ya ce "on va s'enjailler" to "enjoy" ɗin Ingilishi ne ya shiga nouchi, yaren titi na samarin can, ya fito da sabuwar riga. A Kanada kuma da suke zaune kafaɗa da kafaɗa da masu Ingilishi, mutanen Kebek suna juya "fall in love" su ce "tomber en amour" inda Faransa ke cewa "tomber amoureux", a yankin Moncton ma har "back" ɗin kansa suka ɗauka suka cusa cikin Faransancinsu na chiac. Don haka in za ka juya hirar samarin Legas don 'yan Zinder su karanta, "flipper" da "se pointer" na iya zama daidai a ƙamus amma su yi ƙamshin Paris, dole ka auna wa zai karanta.

Kuma wannan aikin ƙaruwa zai yi a wajenmu, tunda kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ga Kamaru da tun 1985 take da makarantar horar da tafintoci a Buea saboda harsunan nan biyu. Yaranmu da ke tsakanin ukun su za a riƙa miƙo ma waya ana cewa duba min.

Shi saƙon Kawu, sai da na fara faɗa mashi da Hausa: ya ce a yi haƙuri bai samu zuwa ran Juma'a ba, maiɗakinsa ce ta haihu, ɗaya mai sayen kuma ya janye don haka zai yi muku ragi. Daga Hausar na juya. "Show up" na bar shi "venir" kawai don ba wani raini a ciki. "Back out" na yi tunanin "se défiler" sai na ga akwai zargi a cikinsa kamar mutumin ya gudu ne, kuma saƙon bai ce haka ba, sai na sa "se désister". "Knock off" a kasuwannin nan "diminuer" ake cewa, amma "faire un prix" ya fi kama alfarmar da ke ciki. "Madam" kuma na bar ta "madame" don a Kwatano ma haka ake kiran matar mutum cikin girmamawa. Abin da na tura shine: "Il s'excuse de ne pas être venu vendredi, madame a accouché. L'autre acheteur s'est désisté, donc il peut nous faire un prix." Kawu ya sa na karanta mashi sau biyu, sannan ya ce to ɗana buga min mutumin Legas ɗin in yi mashi barka tukuna, maganar ragi sai gobe.